Hantar Fanna da Hanyar Damaturu

Tun da na dawo ban huta ba. Mace za ta kawo ɗinki, maimakon ta faɗa min irin wuyan da take so, sai ta gyara zama a kan tabarma ta ce, "To Hajiyar Misira, ba mu labari." Wata so take ta ji ko na ga dalar Fir'auna, wata farashin zinare take tambaya, wata kuma haushinta ban kawo mata ko turare ba. Ni kuwa in na buɗe baki sai in rasa ta inda zan fara, in ce musu lafiya lau. To yau na rufe keken ɗinki, zan faɗa sau ɗaya, duk wadda ta sake tambayata in miƙa mata ta karanta.

Ba yawon buɗe ido na je ba, 'yata Fanna na kai asibiti. Shekararta takwas, amma in kin gan ta sai ki ce biyar. Kumatu ɓul-ɓul, ƙafafu sirara, ciki kuwa ya yi gaba har in ta tsaya ba ta ganin yatsun ƙafarta. In ta ɗan jima ba ta ci abinci ba sai gumi ya karyo mata, jiki ya ɗauki rawa, idanu su kakkafe. Haka yayanta Modu yake, kuma shi wata safiya na je tashinsa na tarar rai ya yi halinsa. Lokacin cewa aka yi iska ce ta taɓa shi, ni ma na yarda.

A waɗannan shekaru garin nan ya cika da 'yan gudun hijira, kuma duk yaron da cikinsa ya kumbura sunan ciwonsa ɗaya ne, tamowa. Haka aka yi ta ba Fanna wannan kwaɓin gyaɗa mai zaƙi na yara masu yunwa, ciki na ƙara tasowa. Wanzamin unguwarmu ta Gwange ya ce saifa ce, ya jera mata tsaga a gefen ciki, tabon yana nan har gobe. Sai da muka dace da wata likita a babban asibiti, ta daɗe tana latsa cikin, ta ce hanta ce. Ta soka allura ta ɗebo ɗan tsokar hantar, siriri kamar zare, aka daskarar da shi a cikin kaki irin na kyandir. Ta danƙa min a hannu, ɗan dunƙule kamar guntun sabulu.

"Wanda zai karanta mana wannan ya kwashe iyalinsa ya bar gari," in ji ta, "ruwan rinin da ake dubawa da shi ma ya ƙare. In da hali ku kai Misira. Kada zafi ya narkar da shi. Ita kuma yarinyar, kada ki bari ta ji yunwa, ko da rana ko da dare. Ki dama mata ɗanyen sitacin masara a ruwan sanyi, duk bayan 'yan awanni ta sha. In kika makara, abin da ya sami yayanta zai same ta."

Na sayar da filin gadona. Mijina Bukar bai bi mu ba, domin a wannan hanya maza masu ƙarfi a jika su ake sauke wa daga mota, ko waɗancan mutanen na daji su sauke su, ko masu kaki. Mahaifiyarsa Ya Bintu ce ta ce ita za ta. Ya Bintu gwaggona ce, ƙanwar mahaifina, ni da Bukar 'ya'yan wa da ƙanwa ne, kuma ita ta haɗa auren, ba tilas, don ni ma ina sonsa tun muna yara. Tsohuwa ce doguwa mai faɗa, wadda ta yi shekaru tana sayen man shanu a hannun matan Shuwa har ta iya Larabcinsu. Da wannan Larabcin take taƙama za ta gyara wa Misirawa zama.

Filin jirginmu a rufe yake a lokacin, dole sai an bi mota zuwa Kano. Kun san hanyar, ba sai na faɗa muku ba. Ƙauyukan da muke sayen gasasshiyar masara muna yara duk sun zama bango baƙi ba rufi. A motar babu mai hira, kowa leɓensa ne kawai ke motsi. A kowane shinge a sauko, a bar kaya a mota, a jera a tafi hannu sama, sai an wuce buhunan yashi mota ta biyo baya. Lokacin ne kuma ake ɗaura wa ƙananan yara mata abin fashewa a ƙarƙashin hijabi a turo su cikin mutane. Ni duk lissafina yana kan gorar sitaci, ban taɓa haɗa wannan da 'yata ba, sai a shinge na farko da wani soja ya nuna ta da bakin bindiga.

"Ke, mene ne a cikin rigarki? Ɗaga!"

Fanna ta kalle ni. Na ce, "Ɗaga, uwata, ba komai." Ta tattaro hijabi da riga ta ɗaga har wuya, a gaban maza, a gaban kowa, ga ciki tim, ga tabon wanzami. Sojan ya kawar da kai ya ce mu wuce. Ya Bintu ta bi shi da baƙaƙen maganganu da Barbarci har muka shiga mota. Kafin mu kai Damaturu an sa ta ɗaga riga a kusan kowane shinge.

A Kano ma ba a bar mu ba. Masaukin farko da muka je, mai gidan yana murmushi har ya ɗauko mabuɗi, sai ya ji Ya Bintu ta yi wa Fanna magana da Barbarci. Ya dubi cikin yarinyar, ya mayar da mabuɗin aljihu, ya ce ashe ɗakunan sun cika. Wata mai tuwo-tuwo ce a bakin tasha ta ba mu rabin ɗakinta. Ta ce ita ma an taɓa korarta daga wani gari, ba ta faɗi wane gari ba, mu ma ba mu tambaya ba.

A filin jirgin Alƙahira wani jami'i ya buɗe jakata ya zaro dunƙulen kakin daga cikin auduga. Ya juya shi, ya shinshina, ya tambaya mene ne. Ya Bintu ta matso ta saki Larabcinta na kasuwar man shanu, ta ce masa naman jikarta ne. Mutumin ya saki abin a kan tebur kamar ya taɓa garwashi. Aka kira wani, aka kira na gaba da shi, kowa na magana da ƙarfi har na ɗauka faɗa suke, ashe haka hirarsu take. Ana cikin haka lokacin shan Fanna ya yi. Na tsuguna a gabansu na dama farin gari a kofi, suka sake zaro ido. Sai da wani likitan filin jirgi ya zo ya duba, ya shafa kan Fanna, aka sake mu.

Gidan da muka sauka bene ne mai hawa da yawa, duk marasa lafiya ne 'yan ƙasarmu da 'yan Sudan. Matan unguwar ba sa saukowa sayen burodi, kwando suke zurowa da igiya daga sama, mai burodi ya saka, su ja. Ya Bintu ta ce wannan lalaci ne, kwana kaɗan sai ga ta ta nemo igiyarta. Abincinsu na safe dafaffen wake ne da burodi, na rana ma ba ya nisa da haka, shayinsu kuwa sukarin ya fi ruwan yawa. Suna da son yara. Duk shagon da muka wuce sai an ja kumatun Fanna an miƙo mata alewa, ni kuma in karɓe in ɓoye, su bi ni da kallon muguwar uwa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne babu wanda ya taɓa tsorata da cikinta.

Wata rana da yamma muna dawowa daga kantin magani sai muka ji ƙara, tas-tas-tas, sannan dum. Ban san lokacin da na kifa Fanna a ƙasa na kwanta a kanta ba. Ya Bintu kuwa tuni ta shige ƙarƙashin teburin mai lemo tana salati. Ashe biki ake a layin, yara ke wasan wuta. Mutane suka taru suna dariya, har wata mata ta lura Fanna ba kuka take ba, ta yi shiru ne ta toshe kunnuwa yadda muka koya mata. Matar ta daina dariya, ta ɗaga mu, ta kaɗe min ƙura daga zane.

Maƙwabcinmu a benen wani dattijo ne ɗan Potiskum, Malam Audu, ciwon ƙoda ya kawo shi. Ya daɗe ana wanke masa jini. Ya nuna min gwiwar hannunsa da kafaɗarsa, wasu ƙulle-ƙulle ne masu tauri a ƙarƙashin fata, in ɗaya ya fashe sai wani farin abu kamar alli ya fito. Ya ce likitoci sun gaya masa sinadarin da ke gina ƙashi ne ya ɓata hanya, yake taruwa a nama da jijiyoyin jini, tunda ƙoda ta daina tace shi. "Hajiya, a hankali nake zama dutse," in ji shi, yana dariya. Shi ke yi wa Fanna tatsuniya in na fita. Kafin mu baro garin ya rasu, aka binne shi a can, ɗansa ya koma gida da jakar tufafinsa.

A asibiti aka ɗebi jinin Fanna, aka haska cikinta, aka karɓi dunƙulen kakin. Da muka koma sai wata likita mai furfura, wadda aikinta duba nama ne a madubin likita, ta kira mu ɗakinta. Ta yanka kakin siriri-siriri ta shimfiɗa a kan gilasai. Ta ce in sa ido. Na ga wasu ɗakuna-ɗakuna a jere kamar saƙar zuma, kowanne ya kumbura ya matse ɗan'uwansa, duk sun rine jawur kamar zoɓo. Ta canza gilashi. Wannan ta ce ta wanke shi da wani ruwa mai narkar da sitaci, irin wanda ke cikin yawun mutum. Ɗakunan na nan, amma jan ya tafi, sun zama fayau.

Da ɗan Turancina na sakandare da Larabcin Ya Bintu muka haɗa bayanin. Hanta rumbu ce. In mutum ya ci abinci sai ta tara sukarin, in yunwa ta zo ta buɗe ta saki kaɗan-kaɗan cikin jini. Ta Fanna tana tarawa, ba ta iya buɗewa. Jan da na gani abincin da na yi ta ba ta ne tun tana jaririya, yana nan a kulle, ita kuma tana suma don yunwa a kansa. Sai ta nuna min hoton ƙodar, da wasu fararen ɗige-ɗige a ciki, ta ce alli ne ya fara taruwa, a yawaita ba ta ruwa, ga kuma magani. Na tuna gwiwar hannun Malam Audu.

Na ce to yaushe za a yi aiki a buɗe rumbun? Ta ce ba a buɗe shi. Maganin shi ne wanda nake yi, sitacin masara a kan lokaci, har iyakar rayuwarta. Ban da sukarin shayi, ban da zuma, ban da dabino da madara, wato duk abin da muka yi ta ɗura mata don ta yi ƙarfi. In ta fara suma a ba ta garin gulukos, irin wanda ke shiga jini kai tsaye. Na sayar da fili, na ƙetare hamada a jirgi, aka ce min in ci gaba da garin da ake aunawa a kasuwarmu.

Sannan likitar ta juya ga Ya Bintu ta yi mata wata tambaya, tana haɗa manunan yatsunta biyu wuri ɗaya. Tsohuwa ta amsa da kalma ɗaya. Likitar ta yi bayani mai tsawo. Na ce, "Gwaggo, me ta ce?" Ta ce, "Cewa ta yi a dinga ba ta ruwa." Ban sake tambaya ba, don na gane yatsun. Ciwon sai uba ya kawo rabi uwa ta kawo rabi, kuma ya fi samun haka in jininsu ɗaya ne. Daga ranar Ya Bintu ta daina faɗa da kowa. Ta fita ita kaɗai ta sayo wa Fanna dogon hijabi ruwan toka mai ado a baki, har ƙasa, ta ce jikarta ma ta shiga gari da abin Misira.

A hanyar dawowa na shirya sosai, ko in ce haka na ɗauka. Babban ƙunshin sitaci yana cikin but ɗin mota, direba ya danne shi da buhunan mutane. A jakar hannuna akwai gora ɗaya damammiya, da gwangwanin sitaci, da ƙullin gulukos. A wani shinge bayan Damaturu aka zazzage jakunkuna. Farin gari, ga rubutun Larabci a jikin gwangwani, a hannun matar da za ta Maiduguri. Na yi bayani, na yi roƙo, na ce su ɗanɗana. Mai binciken ya ce umarni aka ba shi, ya juye sitacin da gulukos ɗin a ƙasa ya murje da takalmi, gorar kaɗai ya bar min. Na so in tsine masa, amma na ga idonsa ja ne na wanda ya daɗe bai yi barci ba, na haɗiye.

Gaba kaɗan aka tsayar da motoci duka, wai an kai hari a gaba, kada wanda ya buɗe ƙofa. Rana ta take. Fanna ta shanye gorar. Na roƙi direba ya buɗe but, ya ce, "Hajiya, in na taka ƙasa harbe ni za a yi, ki yi haƙuri." Na bi fasinjoji da tambaya, wata ta ba ni guntun biskit, shi ke nan abin da ke motar. Muka zauna ina kallon goshinta, ina jiran gumin da na sani. Da aka saki hanya har ya fara tsattsafowa.

A shingen ƙarshe kafin gari aka ce a sauko kamar kullum, hannu sama. Na ce wa Fanna ta riƙe zanena, ta daure, da mun wuce za a buɗe but. Muna cikin layi na ji zanena ya yi sakayau. Na waiga, ta fita daga layi, tana tafiya tana tangaɗi ta nufi buhunan yashi. A kan buhu ɗaya akwai butar shayin sojoji da rabin burodi, shi take kallo. Ku tsaya ku ga abin da su suka gani: yarinya ƙarama, hijabi har ƙasa, ciki a gaba, ido a kafe, ana kiranta ba ta juyowa.

Wani ya yi ihu. Layi ya watse, kowa ya zube a ƙasa. Na zabura, wani mutum ya fizgo ni ya danne da gwiwarsa, yana cewa za ki sa a kashe mu duka. Ina ihu hanta ce, hanta ce, muryata ba ta fita. Na ji ana ɗana bindigogi. Aka daka mata tsawa da Turanci, aka daka da Hausa. Harsashi ya tashi ƙasa a gabanta, ko gezau ba ta yi ba.

Sai na ga Ya Bintu a tsaye. Matar da ko ni ban taɓa ganin gashin kanta ba, ta yar da mayafi, ta cire ɗankwali, ta tuɓe rigarta ta jefar, don su ga babu komai a jikinta. Ta taka tsakiyar titi hannu sama, ba gudu, tana magana da ƙarfi.

"'Ya'yana, jikata ce! Ba ta da lafiya! In harbi ne ku fara da ni, ni na haɗa iyayenta!"

Ta isa gare ta, ta fizge hijabin Misira, ta kama wuyan rigar ta yage ta har ƙasa, ta juya yarinyar ta fuskanci bindigogin. Ciki ne kawai da tabon wanzami. A nan Fanna ta sulale ta faɗi tana shure-shure.

Sojan da ya yi harbin ne ya rugo da ledar sukarin shayinsu. Yaro ne, bai fi ƙanena ba. Na san an hana ta wannan sukarin, amma babu wani, na dinga lakata ina goga mata a cikin kumatu. Aka wargaza buhunan but aka zaro ƙunshin. Ta daɗe kafin ta buɗe ido. Wata fasinja ta rufa wa Ya Bintu zane, tsohuwa ta zauna a bakin titi ta rufe fuska, na ji tana kuka irin wanda ba ta yi ba ko ranar da Modu ya rasu.

Fanna tana raye, alhamdulillahi. Amma tun ranar maganarta ta yi nauyi, surorin da ta haddace sun zube, hannunta kuma yana ɗan karkarwa. Likitarmu ta ce ba ta san ko za su dawo ba. Hijabi kuwa na hana, duk mai gutsiri-tsoma ya yi ta yi. Na zauna na yanka mata riguna masu buɗewa a kan ciki, da maɓallai a jere, don in an ce ta nuna ta nuna ba tare da ta tuɓe ba. Yanzu ba ta jira a ce. In ta hango mai kaki, ko samarin nan 'yan sintiri masu gora a bakin kasuwa, ko maigadin makaranta ma, sai ta tsaya cak ta fara ɓalle maɓalli.

Makon jiya maƙwabciyata Ya Amsa ta shigo da yadi a hannu, tana fara'a. Ta ce, "Zara, rowa ce ba kya gaya mana ba? Ashe ɗinki kika koyo a can. Ki yi wa Halimata irin na Fanna, yayin Misira, mai maɓalli a gaba." Na buɗe baki zan gaya mata daga inda yayin ya fito. Sai na tuna Halima sa'ar Fanna ce, kullum ita ake aika kasuwa, kuma sai ta bi ta shingen bakin gada. Na ce ta turo yarinyar in auna ta. Maɓallan ma manya na zaɓa mata, irin waɗanda hannu mai rawa zai iya ɓallewa da sauri.